Tsakanin Ƙaramin Jirgi Da Jirgin Alhazai: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai, Gwiwa



An nemi in yi tsokaci kan aikin tuƙin jirgin sama, saboda ƙannenmu masu sha'awar shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Yawancin iyaye suna zaton da yaro ya fito Zariya, sai kawai ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Kano. To, jama'a, akwai sauran rina a kaba.

Ana fara koyo ne da ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya. Alal misali, Cessna 172 nauyinsa bai fi tan 1 da 'yan kai ba, kuma yana tunkarar ƙasa da gudun kilomita 120 a awa. Shi kuwa Boeing 737-800, idan ya cika maƙil, yakan kai tan 79, yana kuma sauka da gudun da ya ninka wancan. Duk wanda ya san bambancin tasi da tirela a hanyar Kazaure zuwa Kano ya fahimci rabin zancen. Ƙaramin jirgi da ka ba shi wuta zai amsa nan take. Injin babban jirgi kuwa, idan yana kwance, sai ya ɗauki daƙiƙu kafin ƙarfinsa ya kawo, alhali a kowace daƙiƙa jirgin ya ci mita 70. Wato dole tunanin matuƙi ya riga jirginsa isa wurin. Ga kujerar can sama, sai ido ya ruɗe shi wajen auna nisan ƙasa. Bugu da ƙari, ga na'urori birjik, na mai, na lantarki, na iskar shaƙa, ga kwamfutar da ake ba umarni, shi ya sa matuƙa biyu suke raba aikin.

A ranar 14 ga Agusta, 2005, jirgin kamfanin Helios, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga Saifurus. An bar makunnin daidaita iskar cikin jirgi a inda bai kamata ba, matuƙan biyu suka suma. Wani ma'aikacin kula da fasinja, mai lasisin tuƙi amma ba na irin wannan jirgi ba, ya shiga ya zauna a kujerar. Ba a jima ba mai ya ƙare, jirgin ya faɗi kusa da Atina ta ƙasar Girka, mutum 121 suka rasu. A ganina ba a yi masa adalci idan aka ce ya kasa, domin ya iso a makare, ga shi shi kaɗai.

Saboda haka ne doka ta ce kowane irin babban jirgi sai an yi masa kwas nasa daban, a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, a ci jarrabawa, sannan a zauna a kujerar mataimaki. Lasisin da ake zama kyaftin da shi kuwa sai an tara awa 1,500 a sama. Wannan kwas da dala ake biyansa, galibi a ƙasashen waje, kuma a nan ne yara da yawa suke maƙalewa da takarda a hannu ba aiki.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiya, kafin wani uba ya sayar da gona ko shanu, a zauna da shi a yi lissafin kuɗin matakan biyu, a kuma nemi jin abin da hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Jigawa za ta iya ɗauka.