Kuɗin Wayar da Kai Game da Naman Ɗakin Gwaji: Ina Matsayin Malamin Makaranta?



Kwamitin ilimi na wannan reshe ne ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani batu da za a iya cewa ya yi nisa da damuwarmu ta yau. Ga kuɗin ƙarin girma da muke bi, ga ajujuwa sun cika sun batse, sai kuma mu tsaya muna zancen naman da ake renonsa cikin tankin ƙarfe a Singafo. Muna roƙon ku yi mana haƙuri na ɗan lokaci. Duk ranar da hukuma ta ware kuɗi domin wayar da kan jama'a game da irin wannan abinci, ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa. Mun saba: in ƙidaya ta zo malami ake nema, in zaɓe ya zo malami, in rigakafi ya zo harabar makaranta ake aro. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, gara mu san abin da za mu ce tun kafin a tambaye mu.

Asalin abin ba baƙo ba ne a gidajenmu. Matar da ta dafa kalwa, ta surfe, ta rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta zama daddawa, ƙananan halittun da ido ba ya gani ta sa aiki, ko da ba ta san sunansu ba. Abin da masana'antu suka yi shi ne ɗaukar wannan dabara su kai ta cikin manyan tankuna. Tun 1985 ake sayar da wani abinci mai suna Quorn a Birtaniya, wanda ake samu daga wani nau'in funfuna da ake ciyarwa da sukari, a tace shi, a sarrafa shi ya yi kama da tsokar kaza.

Mataki na gaba ya fi wannan zurfi, domin a nan ne ake taɓa gadon halitta. Ana ɗaukar umarnin da ke cikin ƙwayar gadon wata halitta a dasa shi cikin yis ko bakteriya, sai su riƙa samar da sinadarin da ake so. Wannan ma ya daɗe da shigowa cikinmu ba mu lura ba. Insulin ɗin da masu ciwon sukari ke yi wa kansu allura, har da wasu da ke zaune a zauren nan, ta wannan hanya aka fara yin sa tun 1982. Makiyayanmu da ruwan tumfafiya suke daskarar da madara, Turawa kuwa da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi suke yin cuku, har zuwa 1990 da Amurka ta amince da irinsa wanda ƙananan halittu ke samarwa. Kamfanin Impossible Foods ma da yis ɗin da aka sauya wa gado yake samun sinadarin da ke ba naman tsirransa launi da ɗanɗanon jan nama.

Wanda ya fi jawo surutu shi ne naman da ake reno daga ƙwayoyin jikin dabba. A ɗebi 'yan ƙwayoyi daga saniya ko kaza, a sa su cikin ruwa mai sukari da gishiri da sauran abubuwan gina jiki, su yi ta rabuwa suna ninkuwa har su zama tsoka. A watan Agusta na 2013 wani masani ɗan ƙasar Holan, Mark Post, ya gabatar da curin nama na farko irin wannan a Landan, kuma kuɗin da aka kashe kafin a same shi ya kai kusan yuro 250,000. Singafo ta ba da izinin sayar da naman kaza irin wannan a Disamba 2020, Amurka ta bi sahu a Yuni 2023. A Nuwamban wannan shekarar kuma Italiya ta haramta shi, jihar Fulorida ta Amurka ta yi haka a 2024. Ku duba da kyau: ƙasashe ne masu jami'o'i da ɗakunan bincike na gani na faɗa, kuma sun rabu gida biyu. Don haka duk wanda ya zo mana da cewa magana ta ƙare, ko ta wajen yabo ko ta wajen suka, ya faɗi abin da ya wuce saninsa.

Gwamnatoci sun fara zuba kuɗi. A 2022 Holan ta ware yuro miliyan 60 domin wannan fanni, kuma koyarwa da horar da ma'aikata na cikin abin da aka ware wa kuɗin. Ba mu ga laifin a kashe dukiyar jama'a wajen sanar da jama'a abin da za su ci ba. In hukuma ta yi shiru, masu sayarwa da masu yaɗa jita-jita ne kaɗai za su rage a fili, kuma dukansu sun fi mu iya amfani da waya. Inda gizo ke saƙar shi ne ma'anar kalmar nan, wayar da kai. A bakin ma'aikatu da yawa ma'anarta ita ce a riga a yanke shawara a ofis, sannan a fito da fosta da waƙar rediyo da riguna masu tambari domin talaka ya amince. Wannan talla ce, kuma mai nama shi ke neman wuta: kamfanin da zai ci riba shi ya kamata ya biya kuɗin tallarsa, ba baitulmali ba.

Birtaniya ta gwada wata hanya a 2003, lokacin da ake taƙaddama a kan amfanin gonar da aka sauya wa gado. Gwamnati ta ɗauki nauyin muhawara ta ƙasa baki ɗaya, aka yi taruka fiye da 600, mutum kusan 37,000 suka cike takardar ra'ayi. Sakamakon bai yi wa masu goyon bayan fasahar daɗi ba, domin rahoton ya nuna yawancin mahalarta ba su natsu da ita ba, kuma waɗanda suka ƙara zurfafa cikin batun damuwarsu ƙaruwa ta yi. An soki tsarin da cewa masu adawa ne suka fi fitowa, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amma ta rushe wani zato da manyan jami'ai ke yi har gobe, cewa jahilci ne kaɗai ke sa mutum ya ƙi sabon abu. Sau da yawa mutum ya fahimci bayanin sarai, mai bayanin ne bai yarda da shi ba. Denmak kuwa a 1987 ta fara wata al'ada: a zaɓo talakawa goma sha wani abu waɗanda ba masana ba, a ba su lokaci su yi karatu, su zauna su yi wa masana na kowane ɓangare tambayoyi, sannan su rubuta nasu rahoton a miƙa wa majalisa. Batun farko da suka duba shi ne fasahar gadon halitta a noma da masana'antu. Mu da muka san aji mun gane wannan nan take, domin ɗalibin da aka bari ya yi tambaya ya fi riƙe darasi a kan wanda aka sa ya hardace.

Mu dawo gida, domin a nan darasin ya fi ɗaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin magunguna na Amurka ya yi gwajin magani a Kano wanda ya shafi yara 200. Sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan musabbabin mutuwar da kuma ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Shekara bakwai bayan gwajin, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohinmu saboda zargin an gurɓata maganin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kano ba ta koma ba sai a Yuli 2004, kuma kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wannan tsakanin, wasunsu mun koyar da su. Abin da ya gyara al'amarin a ƙarshe shi ne shigowar sarakuna da malaman addini da matan unguwa waɗanda jama'a suka sani, suna shiga gida gida suna amsa tambaya, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da cutar a Agusta 2020. An yi asarar shekaru wajen sake gina amanar da aka zubar cikin 'yan makonni.

Naman tanki bai iso kasuwanninmu ba, kuma ganin irin wutar lantarkin da tankunan ke bukata dare da rana, ba mu jin zai iso gobe. Amma ɗan'uwansa ya riga ya shigo gonakinmu. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fitar, an sa masa gadon da ke kare shi daga tsutsar da ke huda kwanson wake, domin manomi ya rage feshi. Akwai hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu da aka kafa da doka a 2015. Akwai ƙungiyoyin kare muhalli da ke adawa da shi, akwai masana da ke kare shi. Mu tambayi kanmu: cikin iyayen ɗalibanmu da ke noma wake, nawa ne aka taɓa zaunar da su aka yi musu bayanin nan da Hausa, aka kuma saurari tambayarsu? Cikinmu ma, malaman kimiyyar noma da na nazarin halittu, nawa ne za su iya tsayawa gaban allo su bayyana bambancin irin da aka inganta ta hanyar barbara da wanda aka dasa wa gado? Wake shi ne naman talaka, kuma muhawara a kansa da Turanci aka fi yin ta, a ɗakunan taro na Abuja.

Bukatar kuwa a fili take. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma fiye da rabi ne. Muna ganinsu a aji ɗaya, masu barci tun ƙarfe goma. Wanda yake kallon waɗannan yara kullum ba zai yi gaggawar watsi da wata hanyar samun abinci mai gina jiki ba don kawai sabuwa ce. Mun ga yadda awara, wadda kakanninmu ba su san ta ba, ta zama abincin ƙofar kowace makaranta ba tare da an buga fosta ko ɗaya ba, saboda tana da araha kuma mutane sun ga yadda ake yin ta daga jiƙo har suya. Amma wannan bukatar ita ce kuma abin tsoro. In an samu garin furotin mai araha daga tanki, kasuwar da ta fi kowace girma da sauƙin shiga ita ce shirin ciyar da ɗalibai, wanda gwamnatin tarayya ta fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro. A nan yaro ba ya zaɓar abin da zai ci, uwarsa ba ta ga tukunyar ba, kuma shugaban makaranta za a tare a hanyar masallaci a tambaya.

Saboda haka kwamitinmu ke ganin cewa in aka zo neman malamai su shiga irin wannan aiki, mu shiga, amma da sharaɗi. A fara koyar da mu, koyarwa ta gaske a kwalejojin ilimi da jami'o'i, ba bitar yini ɗaya da ake rufewa da ambulan ba. A faɗa mana wanda ya ba da kuɗin, kuma a rubuta sunansa a kan kowace takarda da za ta shiga aji. A sa hujjar masu goyon baya da ta masu adawa, a kuma ware abin da bincike ya tabbatar da abin da har yanzu ake gardama a kansa, kamar ko naman tanki zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya in aka lissafa wutar da yake ci. A yi shi da harsunan da iyaye ke ji.

Akwai tambayoyi biyu da muka tabbata za su fito daga bakin iyaye tun a zaman farko, kuma shirin da ya kauce musu ya mutu tun ba a haife shi ba. Ta farko ita ce halacci. Malaman fiƙihu sun daɗe da hukuncin cewa abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye mushe ne, ga shi kuma a farkon wannan fasaha ana renon ƙwayoyin ne da ruwan jinin ɗan tayin saniya, ko da yake kamfanoni sun yi ta neman madadinsa. Majalisar addinin Musulunci ta Singafo ta fitar da fatawa a 2024 cewa naman zai iya halatta in ƙwayoyin daga dabbar da ta halatta suke kuma duk abin da aka haɗa mai tsarki ne. Wannan fatawar Singafo ce. Malamanmu na nan, da shugabannin coci ga 'yan'uwanmu Kirista, su ma a kai musu bayanin kimiyyar cikakke su duba da kansu, kuma kuɗin yin hakan ya fito daga wannan kasafi. Ta biyu ita ce makomar masu dabbobi. Da yawa daga cikinmu da kuɗin saniya ko na fawa aka biya mana makaranta, kuma dubban gidaje ke ci daga kasuwannin kara irin na Potiskum da Maigatari da Wudil. Makiyayin da ya tambaya ko wannan abu zai karya farashin garkensa tambayar tattalin arziki ya yi, ya cancanci a ba shi amsa da lissafi.

Akwai kuma maganar da ba za mu ji kunyar faɗa ba. Makarantu da yawa a wannan ƙaramar hukuma ba su da madubin ganin ƙananan halittu ko guda ɗaya. Yaron da ya taɓa leƙa ɗigon ruwan kududdufi ko ƙullin yis ta madubin nan ya ga abu yana motsi, ya riga ya fahimci rabin abin da muka faɗa yau, kuma ba mai ruɗarsa da saƙon WhatsApp cikin sauƙi. Kuɗin riguna da huluna na gangami ɗaya zai sayi madubai masu yawa. In ana son mu yarda cewa manufar ilimi ce, a fara daga nan.

Ya shugaba, kwamitin ilimi na neman izinin wannan taro ya rubuta waɗannan sharuɗɗa a matsayin ƙuduri, a miƙa wa shugabannin ƙungiya na jiha. Muna kuma roƙon malaman nazarin halittu da na kimiyyar noma su ba sakatare sunayensu kafin a tashi, domin muna son shirya zama na farko a zango mai zuwa a kan waken nan na Samaru, mu gayyato mai kare shi da mai sukarsa, mu kuma ajiye kujerun gaba ga iyayen yara manoma.