Shagon Ma'aikaci: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Kwamiti ya nemi in ce wani abu game da kasuwanci, ga shi kuwa ni ma'aikacin gwamnati ne. Amma in aka duba zauren nan za a ga yawancinmu 'yan albashi ne, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da yawa daga cikinmu sun buɗe ɗan shago, ko suna shirin buɗewa. Saboda haka a kan shagon ma'aikaci zan tsaya.

Da farko mu tuna da doka. Jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci da kansa, in ban da noma. Ke nan kai jari za ka zuba, wani ya riƙe, galibi ƙane ko ɗan 'yar'uwa. Mai saye bai san ka ba, yaron nan ya sani. In ya shigo ya tarar da shi yana latsa waya, bai ko ɗaga kai ya amsa sallama ba, gobe shagon maƙwabci zai nufa, kuma ba zai zo ofis ya gaya maka dalili ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma yaron da ba a yanka wa albashi ba, sai dai a ce masa "ai kayan gida ne", da wuya ya saki fuska, kuma ko ba jima ko ba daɗe zai biya kansa daga aljihun tebur. A yanka masa albashi, a ƙara masa wani abu bisa yawan cinikin da ya yi, a kuma ba shi izinin canja wa mutum kayan da suka lalace ba sai ya bugo waya ba.

Barin dukiya a hannun wani ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Marigayi Alhassan Ɗantata, wanda ya fara saye wa Kamfanin Neja gyaɗa a 1918, ba shi ke zama a kowace kasuwa ba. Wakilai yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. Sai dai wakili yakan dawo ya ba da lissafi, mu kuwa kunyar ɗan'uwa ke hana mu tambaya.

Wannan ya kawo ni kan littafi. A rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, har kwalin madarar da uwargida ta aiko a ɗauka. Mai jari ya zauna da yaronsa ranar Asabar a ƙirga kaya. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a irin wannan hali lissafin da muka saba yana yaudara. Alal misali, ka sayo buhu a kan naira dubu 60, ka sayar dubu 64, ka ce ka ci ribar dubu huɗu, ka kashe ta. Ka koma kasuwa ka tarar buhun ya kai dubu 66. Riba ba ka ci ba, uwar kuɗi ka taɓa. Farashin da za a sake sayowa shi za a duba kafin a sa wa kaya kuɗi, ba na tsohon rasit ba.

Sai maganar bashi, wadda ta fi shafar mu a nan. Abokan aiki da abokan aji su ne masu sayenmu na farko, su ne kuma masu cewa "sai an yi albashi". Ban ce a hana ba, domin bashi hanji ne. A sa wa kowa iyaka, a rubuta a gabansa, kuma kada a ɗora sabo a kan tsoho. Duk wanda ya san sunansa na cikin littafin ɗan ajinsu, ga shi an yi albashi, ya taimaka ya biya kafin mu tashi cin abinci.