Yaƙin Jamus da Rasha: Abin da Ya Ci Rundunar Jamus a Sitalingirad

Yau zan ba ku labarin yadda wata babbar runduna ta halaka, domin ku ga abin da yunwa da girman kai ke yi wa mayaƙa.

Ran 22 ga watan Yuni, 1941, Hitila, shugaban Jamus, ya warware amanar da ke tsakaninsa da Rasha, ya aika da soja fiye da miliyan 3 suka auka mata. Suka yi ta cin garuruwa har suka kusa Mosko, babban birnin ƙasar. Nan ɗari ya riske su ba su da tufafin kirki, Rashawa kuma suka kora su baya cikin watan Disamba.

A 1942 Hitila ya juya kudu, yana kwaɗayin rijiyoyin man fetur na wajen duwatsun Kokasas. Ya raba mayaƙansa biyu: kashi guda su nufi man, kashi guda su ci Sitalingirad, wani birni a bakin Kogin Bolga. Janar Faulus ke jan waɗannan. Ran 23 ga Agusta jiragen sama suka yi wa birnin ruwan bom har ya zama kango. Kangon nan kuwa shi ya zame wa Rashawa ganuwa. Janar Cuikof ya umarci mutanensa su matsa dab da abokan gaba, don jiragen Jamus su ji tsoron jefa bom kada su sami nasu. Aka yi ta gwabzawa gida gida, ɗaki ɗaki.

To, ku lura. Jamusawa sun tara ƙarfinsu cikin birnin, sun bar wa sojan Rumaniya tsaron dama da hagu, su kuwa ba su da isassun igwogin fasa tankoki. Ran 19 ga Nuwamba Rashawa suka keta gefen arewa, kashegari suka keta na kudu, ran 23 suka haɗu a garin Kalac. Mutum wajen 250,000 suka zama kamar kifi cikin koma.

Faulus ya nemi izinin fita, Hitila ya hana. Gorin, shugaban mayaƙan sama, ya yi alkawarin kai musu guzuri da jirage. Suna bukatar aƙalla tan 300 kowace rana, amma abin da ke isa gare su wajen tan 100 ne. Suka yanka dawakinsu suka cinye. Cikin Disamba Manshitain ya taho da gudunmawa, aka tare shi saura mil 30.

Ran 31 ga Janairu, 1943, Faulus ya ba da kai, sauran suka bi ran 2 ga Fabrairu. Aka kama wajen mutum 91,000, waɗanda suka koma gida daga cikinsu ba su wuce 6,000 ba. Rashawa ma sun yi hasarar ɗaruruwan dubban rayuka. Ƙarfin Jamus ya yi ta raguwa, har Balin ta faɗi a watan Mayu, 1945. Birnin nan yau ana kiransa Bolgogirad.

Kun ji. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Jarumin da ba shi da abinci da harsashi ba ya yaƙi, shugaban da ba ya jin shawara kuwa mutanensa ke biyan bashinsa da rayukansu. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.