Laccar Da Aka Yi A Saminaka Kan Injin Gashin Ciwon Daji

Jama'ar Saminaka, manoma da 'yan kasuwa. Ku kasa kunne, zancen yau na rai ne.

Kadan ciwon daji ya kama ɗan'uwanmu, mukan sayar da hatsi da awaki mu kai shi asibitin koyarwa na Shika, Zariya. A can akwai sashen da ake gashin wannan ciwo da inji. Injin yana harba wani haske wanda ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin shigarsa. In awon ya yi daidai, magani ne. In ya gaza, ciwo ya dawo. In ya zarce, ya ƙone naman da ke lafiya.

Ku 'yan kasuwa, in an rage muku mudu, nan take kun gane. To, mai jinya ba shi da hanyar gane nasa mudun. A ƙasar Panama, tsakanin 2000 da 2001, an yi kuskure wajen shigar da lissafi cikin kwamfuta, mutum 28 suka sha gashi fiye da kima, waɗansu suka mutu. Ƙarfin sinadarin kobalt kuwa, wanda waɗansu injuna ke aiki da shi, yakan ragu da rabi cikin shekara biyar da 'yan watanni. Saboda haka tilas a riƙa sake awo.

Wa ke da alhakin sa ido? Dokar 1995 ta kafa hukumar kula da harkokin nukiliya ta Nijeriya, watau NNRA, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasin, ita ke duba injuna. Kada tsoro ya hana kowa gashi, gama yana ceton rai. Amma talaka yana da ikon tambayar likita: injin nan yana da lasin? Yaushe aka auna shi? Gashi nawa za a yi mini? Wace alama zan gani in dawo da sauri? Matambayi ba ya ɓata.

Saura ku 'yan gwangwan. A 1987, a birnin Goyaniya ta ƙasar Birazil, aka bar tsohon injin gashi a kangon asibiti. Mutum biyu suka kwance shi, suka sayar wa mai sayen ƙarafa. Garin da ke ciki yana ƙyalli shuɗi, aka yi ta raba wa dangi. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, aka kuma gwada mutum wajen 112,000. In kun ga ƙarfe mai nauyin gaske da alama mai kunne uku kamar fanka bisa rawaya, kada ku saya, kada ku fasa. Ku nisance shi, ku sanar da hukuma.

Bukatarmu ga Gwamnati ɗaya ce: a liƙa takardar lasin da ranar awon ƙarshe a ƙofar kowane ɗakin gashi, da Hausa, yadda mai jinya zai karanta da idonsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.