Nijar Ba Ta Da Teku, Mu Kuma Ruwanmu Ta Can Yake Biyowa



Yau ina so mu ɗan ajiye maganar wane ya ci, wane ya faɗi, mu buɗe taswira. Akwai abin da yake juya siyasa alhali ba a kaɗa masa ƙuri'a, wato inda Allah ya ajiye ƙasa.

Ku dubi Nijar. Ba ta da teku, don haka kayan da take sayowa daga waje sai sun sauka a tashar wata ƙasa. Shekara da shekaru Kwatano ce babbar ƙofarta, motoci su ɗauko kaya su tsallaka gadar Malanbil su shiga Gaya. Da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Sai kaya suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina Faso, doguwar hanya mai haɗari, farashi ya tashi. Ko man Agadem, bututun kusan kilomita 2,000 ne yake kai shi gaɓar Benin, shi ya sa rigimar Yamai da Kwatano ta tsayar da lodinsa a 2024.

To, kada wani ya ɗauka Nijar ce kaɗai take da bukata. Kogin Neja sai ya ratsa ƙasarsu kafin ya shigo Kebbi, ya cika madatsar Kainji da ta Jebba. Ga shi kuma suna gina tasu madatsar a Kandaji, can sama da Yamai. Wanda yake saman rafi, ai hannunsa yana kan ruwan na ƙasa. Kun ga wutar da muke sayar musu ba alfarma ba ce zalla, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ce.

Sannan wa ya ji jiki da aka rufe iyaka? Ku tambayi 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari, da direbobin da motocinsu suka yi watanni a tsaye. Turawa ne suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, amma harshe ɗaya ne, kasuwa ɗaya, ga auratayya. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, sojojin suna nan kan mulki, talakan ɓangarorin biyu ne ya biya kuɗin.

Don haka 'yan'uwa, duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi: me ka tanada wa iyaka? Ina aka kwana a layin dogo na Kano zuwa Maraɗi? Gwamnati tana zuwa tana wucewa, amma maƙwabci yana nan inda yake, kogin ma haka.

Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.