Kafin Mu Aiko Da Kwamfuta, Mu Tanadi Abin Tsaronta



An ɗora mini nauyin in ce wani abu game da ɗakunan kwamfuta na makarantunmu. Dalilin damuwarmu ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara gwada haka ga ɗalibai masu zaman kansu. Yaron da ya taso a Shanga ko Dugu Tsoho ko Wara, idan bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci rabin makinsa tun bai zauna ba. Shi ya sa da yawanku kuke tattaro kwamfutoci ku aiko gida, Allah ya saka da alheri. Sai dai kwamfutar makaranta ba irin ta ofishinku ba ce. Taku mutum ɗaya ke taɓa ta. Ita kuwa hannu ɗari ke bi ta kanta a mako, ba wanda zai ce tasa ce. Roƙona shi ne duk mai kyauta ya haɗa da kayan tsaronta.

Abokin gaba na farko wuta ce. Abin mamaki ne a ce mu da ruwan madatsar Kainji ya tashi dubban mutanenmu daga gungunansu da gonakinsu a wajejen 1968, mu ne har yau muke lallaɓa lantarki, amma wannan zance ne na wata rana. Kwamfuta tana son wuta daidai, wajen bolt 230. Na'urori uku ke kare ta, kuma mutane sukan ɗauka abu ɗaya ne. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama a hankali. UPS yana da batir a ciki, yana ba malami 'yan mintoci ya kashe kwamfuta yadda ya kamata idan an ɗauke wuta. Na uku shi ne soket mai tare bugun wuta, irin wanda ke zuwa farat ɗaya lokacin tsawar damina ko sa'ad da aka dawo da wuta. Wannan na ukun yana buƙatar ginin ya kasance da wayar nan da ake binnewa a ƙasa, domin can yake karkatar da bugun, kuma yana gajiya da yawan duka, sai an canza shi. Ko sola da inbata aka sa, sai an nemi mai aikin wuta na gaskiya ya binne wannan waya.

Na biyu sata ce, kuma ba lallai ɓarawon dare ba. Ƙofar ƙarfe da tagogi masu sanduna, kowane mai walda a Yelwa zai yi su. Abin da aka fi mantawa shi ne satar cikin akwati. Da sukundireba ɗaya, cikin minti biyu, ana iya zare ƙwaƙwalwar kwamfuta ko faifan ajiyarta a sa a aljihu, a mayar da murfi kamar ba a taɓa ba. Yawancin akwatunan kwamfutar tebur suna da ɗan kunne a baya da aka yi domin kwaɗo. A sa musu. Kwaɗon yana da amfani na biyu. Malami yakan sa kalmar sirri a BIOS don kada yaro ya tayar da kwamfuta daga filas ɗinsa, amma a injuna da yawa cire ɗan batirin da ke ciki ya isa ya goge kalmar. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa tana da ɗan rami a gefe, wanda ake kira da sunan kamfanin Kensington, inda ake maƙala igiyar ƙarfe a ɗaure da tebur. Mai almakashin ƙarfe zai yanke ta, amma tana hana ɗauka a guje.

Na uku, wanda a ganina ya fi kashe ɗakunan kwamfuta, shi ne yaranmu da kansu, ba da mugunta ba. Wannan ya goge manhaja, wancan ya canza saiti, wani ya zo da filas daga shagon ɗab'i ɗauke da cutar nan mai ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Kafin zango ya ƙare rabin injuna sun kwanta alhali ba abin da ya ƙone. Akwai 'yan toshe na roba da ake cusawa a ramukan USB, ba sa fita sai da makullinsu, ga su da araha. Makarantu da shagunan intanet a China da Taiwan sun daɗe suna amfani da wani kati da ake dasawa cikin kwamfuta, wanda ke mayar da faifai yadda malami ya tsara shi duk lokacin da aka kashe aka kunna. Yau manhajoji irin su Deep Freeze suna yin wannan aiki. Yaro ya yi ɓarnarsa iya son ransa, gobe da safe injin ya tashi garau. Sharaɗinsa ɗaya: aikin ɗalibai ma yana gogewa, don haka a ware musu wuri guda na ajiya a kwamfutar malami.

Ga masu aiko da tsofaffin injunan ofis, ku lura cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 wanda tsofaffi da yawa ba su da shi. Ku tambaya kafin ku loda mota. Ku kuma tabbata an share bayanan ofishinku daga ciki.

Shawarata ga kwamiti ita ce, cikin kuɗin kwamfuta goma, a sayi tara, na gomar ya tafi ga kwaɗo da sitabilaiza da murfin yadi saboda ƙurar hunturu. A rubuta lambar kowane inji a littafi, kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a wurin sakatarenmu, a kuma zana sunan makarantar a jikin akwati. Makulli ya zama biyu, ɗaya a hannun malamin ɗakin, ɗaya a ofishin shugaba, domin na san ɗakin da ya shekara a rufe saboda an yi wa mai makulli canjin wurin aiki. Ina kuma roƙon 'ya'yanmu masu wannan sana'a a birane, wanda ya zo gida hutun salla ya ba makarantar garinsu yini ɗaya, ya duba injunan, ya rubuto wa kwamiti abin da ya gani kafin taron baɗi.