Tunawa da Hajiya Gambo Sawaba

Yau zancen Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya na kawo muku. Tana shekara 17 ta shiga NEPU, har ta shugabanci matan jam'iyyar. Don ta ce a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, ta sha duka, aka ɗaure ta sau 16. Ba ta tara dukiya ba, abin hannunta na marayu ne. Sai 1976 matan Arewa suka sami ƙuri'a. Ta rasu a 2001.

To, iyayenmu mata na kasuwa, ƙuri'ar nan da wahala aka samo ta. Kada ku ba da ita don sabulu. Allah ya jiƙanta, amin.